Guntayen Kwano Biyu Zuwa Samaru

Motarmu ta tashi daga tashar Funtuwa da hantsi, hazo ya lulluɓe gari har ba ka hango ƙarshen titi. Sanyin hunturu ya sa kowa ya ƙudundune, direba ma sai da ya naɗa rawani a kan hularsa. A aljihun gaban rigata akwai ambulan, cikinta guntayen kwanon rufi biyu da na sa maƙeri ya yanko mini. Ɗaya daga sabon rufin azuzuwan makarantar da nake koyar da kimiyya, wanda damina kaɗan ta mayar da shi ja, ruwa na ɗiga a kan littattafan yara. Ɗayan daga rufin tsohon ofis, wanda ya girmi duk wani ɗalibi da ke makarantar amma har yau bai huje ba. Iyaye sun yi ta ka-ce-na-ce a wajen taro, wannan ya ce laifin kafinta ne, wancan ya ce ruwan saman yanzu ba irin na da ba ne. Da na ba ɗan yayata labari a waya, shi da yake digiri na biyu a fannin fiziks a Zariya, sai ya ce, "Kawu, yanko ka kawo. Amsar tana kan fatar kwanon, kuma akwai idon da ke ganinta."

Hanyar ba ta da nisa. An gama girbi, gonaki sun zama kara da ƙura, sai buhunan masara da aka jibge a bakin titi wajen Giwa ana jiran mota. Muka wuce Shika da asibitin koyarwarta, jim kaɗan sai ga katangar Jami'ar Ahmadu Bello. Manomin ƙasar nan ya san Samaru ko bai taɓa taka ta ba, domin irin waken da ake ce wa Sampea da masarar Samaz daga nan suka fito. Binciken noma ya fara a wurin tun 1922, shekara 40 cif kafin a buɗe jami'ar a 1962.

Yaron ya tarye ni a bakin geti, ya karɓi jakata, muka gaisa, na ba shi saƙon mahaifiyarsa na ƙuli-ƙuli da yaji. Bayan azahar ya kai ni ɗakin gwajin da ya nema mana lokaci.

A bakin ƙofa aka ce mu tuɓe takalma. Ɗakin sanyi ƙalau, tagogi a toshe, domin a wannan aiki ƙurar hunturu babbar abokiyar gaba ce. Mai kula da na'urar ƙara girman abu da ke ɗakin dattijo ne mai furfura, ba ya gaggawa. Na zaro ambulan zan zazzage guntayen a tafin hannuna, sai ya ɗaga hannu da sauri. "A'a Malam, kada ka ƙara taɓawa. Maiƙon yatsanka ya fi abin da muke nema kauri." Ya sa safar hannu, ya ɗauki kowane guntu da matsefata, ya wanke shi cikin wani ruwan sinadari, ya bar shi ya bushe, sannan ya manna shi a kan wani ɗan faifan ƙarfe da baƙin salatif. Ya tura faifan cikin na'urar ya rufe. Famfo ya fara gurnani yana zuƙe iskar ciki.

Madubin ƙara girman abu da muke da shi a makaranta da haske yake aiki, kuma haske yana da iyaka: duk abin da ya gaza nanomita 200 ko kusa da haka, ba zai rabe maka shi ba ko da gilashin ya kai yaya kyau. Nanomita ɗaya kuwa shi ne ka raba milimita gida miliyan ka ɗauki ɗaya. Wannan iyaka ce ta sa Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera madubi mai aiki da ilektiron, wato 'yan ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke cikin zarra, a Jamus a 1931. Wanda ke gabanmu, da ake kira SEM, jikansa ne. Yana harba siririn zaren ilektiron ya bi fuskar abu layi bayan layi, duk inda ya sauka wasu ilektiron su fantsamo, na'ura ta ƙirga su ta zana hoto.

Hoton tsohon kwanon ya fara fitowa, toka-toka, shimfiɗe, da 'yan tabo nan da can. Da aka juya kan sabon sai na matso da kujerata. Abin da nake gani da ido kamar jan fenti, ashe fili ne da ya dare ya farfashe, ga ramuka, ga ɓawo yana ɗagowa, ga wasu 'yan tsinke-tsinke na tsatsa sun tsiro cunkus. Dattijon ya sa gefen yankan ya fuskanci sama domin mu ga kaurin shafen zinki da ke bayan ƙarfen. A tsohon, layi ne mai kauri da ba ya yankewa. A sabon, siriri ne, wani wurin ma babu shi sam. Ya danna wani maɓalli, allon ya kawo tsaunuka masu tsini. Ya ce idan zaren ilektiron ya daki ƙwayar zarra, takan fitar da hasken eksire mai ƙarfin da ya keɓanta da ita, to da haka ake gane wane sinadari ne a wurin. A cikin ramukan sabon kwanon tsaunin zinki ya kwanta, na ƙarfe da na oksijin sun miƙe.

Tsatsa ai ciniki ne na ilektiron. Ƙarfe ya ba da, oksijin ya karɓa, danshi ya yi dillanci. Zinki ya fi ƙarfe saurin sakin nasa, saboda haka muddin yana nan shi ake ci, ƙarfen ya tsira. Bayan haka zinkin yakan haɗu da iska ya yi wa kansa wata siririyar fata mai rage ci gaban ɓarnar. Idan mai ƙera kwano ya yi rowar zinki, ya rage wa rufin shekaru tun kafin a buga ƙusa ta farko. Ba kafinta ba ne, ba kuma ruwan sama ba ne. Dattijon ya ce in gaya wa masu sayen kayan makaranta su riƙa tambayar nauyin shafen zinki, kada su tsaya ga kaurin kwano da ƙyallinsa kawai. Na rubuta wannan a bayan ambulan ɗin.

Da buƙatata ce kaɗai ta kawo ni, da na kama hanyar gida a ranar. Amma da muka zauna wajen mai shayi bayan isha, a layin shagunan da ke fuskantar jami'a, sai yaron ya ce, "Kawu, abin da muka gani yau fa ba fata ba ce ta gaskiya. Wancan eksire daga zurfin kusan nanomita 1,000 yake fitowa. Mu abin da ke hana mu barci bai wuce nanomita goma na sama ba, wani lokaci ma layin zarra ɗaya ko biyu."

Na ce ya yi mini dalla-dalla. Ƙwayar zarrar da ke tsakiyar ƙarfe, in ji shi, tana da maƙwabta ta ko'ina, an riƙe ta gaba da baya, sama da ƙasa. Ta kan fuska kuwa gefenta ɗaya a buɗe yake, don haka ilektiron ɗinta ba sa zama yadda na ciki ke zama. Su ne ke fara gamuwa da iska da ruwa da haske. Cokalin da ba ya tsatsa, sirrinsa kuromiyam ne da ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, wanda ke yin wata fata ta nanomita kaɗan da ke gyara kanta in an karce ta. Tukunyar alminiyam ma haka take.

Sai na tambaye shi yadda ake jin labarin ilektiron da ke wannan ɗan wuri. Daidai lokacin mai shayi ya miƙo masa canji. Ya ɗaga kuɗin ya ce, "Kawu, in ka aiki yaro da naira dubu ya dawo maka da ɗari uku, ka san kuɗin kaya ko ba ka je kasuwa ba. To haka dabarar da ake kira XPS take." Ana haska abu da eksire wanda aka san ƙarfinsa sarai, galibi na alminiyam mai ƙarfin 1486.6 a ma'aunin da ake kira ilektiron-bolt. Hasken ya fizgo ilektiron waje, a auna ƙarfin da ya rage masa, a debe, abin da ya ɓace shi ne ƙarfin da zarrar ta riƙe shi da shi. Kowane sinadari da nasa farashin. Abin da ya fi burge ni shi ne farashin yana ɗan motsawa gwargwadon wanda zarrar ta ƙulla hulɗa da shi: ƙarfe tsantsa yana bayyana wajen 707, wanda ya yi tsatsa wajen 711. Wannan 'yar rata ta huɗu ita ce ke faɗa maka ko ƙarfen yana nan da ransa ko an riga an cinye shi. Dalilin da ya sa dabarar ba ta ganin komai sai fata kuwa, eksire yana shiga da nisa, amma ilektiron ɗin da aka fizgo daga can ciki yakan yi ta karo da 'yan'uwansa ya rasa ƙarfinsa a hanya. Na bakin ƙofa ne kawai ke fita lafiya.

Tushen abin na san shi, ina ma koyar da shi. Heinrich Hertz ya lura da tasirin haske a kan ƙarfe a 1887, Albert Einstein ya bayyana dalilinsa a 1905, kuma a kan wannan ne aka ba shi kyautar Nobel ta 1921. Amma yadda manhajarmu ta kawo darasin, yana ƙarewa ne a lissafin jarrabawa. Babu inda aka gaya wa yaro cewa Kai Siegbahn da mutanensa a Jami'ar Upsala ta Suwidin sun mayar da wannan lissafi na'ura mai karanta fuskar abu, har ya samu Nobel a 1981. Ina ganin wannan babban rashi ne. Yaron da rufin ajinsa ke yoyo ya cancanci sanin cewa darasin da ke kan allo yana da abin faɗa game da rufin.

Akwai wani abu da ya faɗa da ya tsaya mini a rai, batun iska. Ko an zuƙe iskar cikin na'ura har ta koma kashi ɗaya cikin biliyan na wadda muke shaƙa, daƙiƙa ɗaya zuwa biyu ta isa ragowar ta rufe fuskar da aka tsabtace ruf. Sai an ƙara ragewa sau dubu goma kafin mai bincike ya samu 'yan sa'o'in yin aiki. Don haka ake naɗe na'urar da takardar alminiyam a gasa ta kwana ɗaya ko biyu, domin danshin da ya maƙale a bangonta ya fita. Famfunan kuma ba a son su tsaya dare da rana. In wuta ta ɗauke babu madadi, aikin mako ya tafi.

Washegari na shiga gari. Keke Napep daga Samaru ta bi da ni Palladan, inda 'yan ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙin jirgi ke shawagi a sama, muka ratsa Kwangila da PZ da Tudun Wada har Ƙofar Doka. Na yi sallah a Masallacin Juma'a da ke kusa da fada, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, na daɗe ina kallon bakan gizon da suka rage na ginin ƙasa. A dawowa, daga kan gadar Kwangila, idona ba ya sauka a kan komai sai rufin gidaje, ja bayan ja har inda hazo ya yanke gani. Dukiyar mutane ce ke komawa ƙasa a hankali.

Da la'asar yaron ya kai ni gaida malamin da ke duba aikinsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, Farfesa, mun gode da riƙon yaro." Ya ce, "Haba Malam, ai ku ne kuka yi mai wuyar, mu gini muke ɗorawa." Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya juyo da kwamfutarsa ya buɗe wani hoto: ƙwallaye masu haske a jere cikin tsari, da baƙaƙen ramuka a kusurwoyi. Ya ce fuskar silikon ce, kowane ƙwallo zarra ɗaya. Tun 1959 masana suka gane cewa zarrar da ke fuskar silikon sukan sake jeri, tsarin yana maimaita kansa bakwai-bakwai, amma an fi shekara 20 ana gardamar yadda jerin yake ba wanda ya gan shi ƙuru-ƙuru, sai da aka buga wannan hoto a 1983.

Na'urar da ta ɗauke shi, STM, ba ta da gilashi ko ɗaya. Allura ce, galibi ta tangistin, wadda tsininta ya ƙare da zarra guda. Ana matso da ita kusa da fuskar abu har ratar ta gaza nanomita ɗaya, ba tare da ta taɓa ba, a sa 'yar wuta tsakani. A hankalce bai kamata komai ya wuce ba tunda babu mahaɗi, amma ilektiron yana da ɗabi'ar igiyar ruwa, yakan ratsa ratar. Idan allurar ta matso da kashi ɗaya cikin goma na nanomita, wutar da ke wucewa ta ninka kusan sau goma. Da wannan tsananin jin ne allurar ke bin fuska tana hawa tana sauka. Gerd Binnig da Heinrich Rohrer ne suka ƙera ta a ɗakin binciken kamfanin IBM kusa da Zurik a Suwizalan. A daren 16 ga Maris, 1981 suka fara ganin alamar da suke nema, kuma sun ba da labarin cewa da dare suke awo, numfashi ma a hankali suke yi don kada wurin ya girgiza. A 1986 suka raba kyautar Nobel da Ruska.

Farfesa ya ce in lura da abu ɗaya: allurar ba zarrar take gani ba, gajimaren ilektiron ɗinta take ji. In ka juya wutar ta wannan gefe ka ga inda ilektiron suke zaune, in ka juya ta ɗaya gefen ka ga guraben da babu kowa. Ya buɗe wani hoton na 1993, inda aka jera zarra 48 na ƙarfe a da'ira a kan tagulla, ɗaya bayan ɗaya da bakin allura. A tsakiyar da'irar ga zobba-zobba a fili, igiyar ilektiron ɗin da aka killace. Shekaru ina faɗa wa yara cewa ilektiron igiya ce, suna rubutawa don sun yarda da ni. Ga shi yau ina kallonta. Ban san lokacin da na ce "Subhanallahi" ba.

Ya tambaye ni ko ina noma. Na ce wane ɗan Funtuwa ne ba ya noma? Ya ce to buhun yuriyar da nake saye daga fuskar ƙarfe ya fito. Naitirojin ya cika iska, kusan kashi 78 cikin ɗari, amma zarrarsa biyu-biyu suke a ɗaure tamau, shuka ba ta iya raba su. Fritz Haber ya nuna hanyar yin amoniya, sinadarin da ake yin yuriya da shi, daga naitirojin a 1909, Carl Bosch ya kai ta masana'anta a 1913, ana bi da iskar ta kan ƙarfe mai zafi cikin matsi. An yi shekara da shekaru ana cin moriyar abin ba a san takamaiman abin da ke faruwa a kan ƙarfen ba, sai da Gerhard Ertl ya bi shi mataki-mataki da irin waɗannan na'urori, ya nuna cewa tsinka ɗaurin naitirojin a kan fuskar ƙarfe shi ne matakin da ke jan ƙafa. Aikinsa a kan fuskokin abubuwa ya kai shi ga Nobel a 2007.

Hirar ta gangaro gida. A nan Zariya akwai tukunyar nukiliya ta bincike a Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi, 'yar ƙarama mai kilowat 30 ko kusa da haka, wadda aka samo daga Sin, ta fara aiki a 2004, aka kuma sauya mata makamashi zuwa wanda bai dace da haɗa makami ba a 2018. Da ita ake gano sinadaran da ke cikin ƙasa da dutse da hatsi, ciki da bai ɗaya. Wannan ya nuna cewa in an sa kai, ana iya riƙe babbar na'ura a garin nan shekaru masu yawa. Amma mafi ƙarfin binciken fuska a yau yana buƙatar sinkurotiron, wani ƙaton zobe da ake zagaya ilektiron a cikinsa su ba da haske mai tsananin ƙarfi. Da shi ake auna ƙarfin ilektiron da kusurwar da ya fito, a zana taswirar yadda suke gudana a cikin abu. Duk faɗin Afirka babu ko ɗaya. Jodan ta buɗe nata mai suna SESAME a 2017 da haɗin gwiwar ƙasashe, har da Masar. Masanan Afirka sun yi taron farko na neman namu a 2015, kuma a Faransa aka yi shi. Wannan ya yi mini ciwo. Ƙasashen da suka fi kowa rana da tsatsa da buƙatar taki su ne ke aron idon wasu.

Kafin in tafi na ga aikin yaron da idona. Wasu 'yan gilasai ne kamar akwatin ashana, an shafa musu farin sinadarin taitaniyam, irin wanda ke sa farin fenti ya yi fari, sannan an tsoma su cikin ruwan zoɓo sun yi ja. Shi farin ba ya kama hasken da ido ke gani, sai an ba ilektiron ɗinsa ilektiron-bolt 3.2 kafin ya tsallaka. Rinin ne ke kama rana, ya miƙa masa ilektiron, wuta ta samu. Michael Grätzel da Brian O'Regan ne suka fito da wannan salo a 1991. Ya fita da ɗaya tsakar gida ya haɗa da mita, lambobi suka motsa, ya sa tafin hannu ya kare rana suka faɗi. Bai ɓoye mini ba cewa abin da zoɓo ke bayarwa bai kama ƙafar faifan silikon da ake sayarwa a kasuwa ba. Tambayarsa ita ce me ya sa, kuma amsar tana daidai inda rini ya manne da fari: shin matakin ilektiron na rinin ya ɗara na farin yadda zai gangara cikin sauƙi? Ana auna wannan da fitilar hiliyam mai ilektiron-bolt 21.2, kuma wajen abokan aikin malaminsa a ƙasar waje za a yi masa.

Na zauna ina kallonsa yana shirya su. Kowane gilashi da 'yar robarsa, ya sa ƙunshin abin tsotse danshi, ya like, ya rubuta lamba. Ya ce komai ƙoƙarinsa, abin da za su fara gani in sun buɗe shi ne kabon, wajen 285, dattin iskar hanya. Suna iya kankare shi da harbin argon, amma harbin yana lalata rinin, yana kuma sauya farin da ke ƙasa. Burinsa shi ne ranar da zai haɗa abu a ɗaki ɗaya ya auna shi a ɗaki na kusa kafin iska ta taɓa shi.

Ya raka ni bakin titi inda motocin Funtuwa ke tsayawa. Ina shirin shiga ya ce, "Kawu, don Allah in ka je kasuwa ka sayo mini zoɓo, baƙi daban, ja daban, kada mai awo ya gauraya. Ka haɗa da garin lalle wanda ba a sa masa komai ba. Kuma ka ce wa Inna a inuwa za a shanya, rana tana kashe rinin."

Na ce zan aiko da direban da ya saba kawo masa saƙo ranar Litinin, in Allah ya yarda.